Ginshiƙi na Ashirin da Biyu

Tun ƙarfe bakwai na safiyar Litinin ɗin nan Sista Merle Trezise ta iso Gidan Carlyon, kwandon kek mai kwakwa a hannu ɗaya, mabuɗin lambu a ɗaya. Shekarunta saba'in da bakwai, ta ajiye aikin jinya tun ranar da aka rufe gidan, amma har yau ba wanda ya isa ya kira ta Merle tsurarsa a garinmu sai mutum ɗaya, ita kuwa tana can asibitin Adelaide an sa mata sabon ƙashin ƙugu. Abin da Sista ta fara cin karo da shi a bakin ƙofa katafila ce, rawaya, an girke ta a inuwar itacen turare. Ta tsaya ta harare ta irin hararar da take yi wa majinyacin da ya ɓoye taba a ƙarƙashin matashi, sannan ta wuce.

Zancen dai bai da tsawo. Kamfanin da ya sayi gidan ya yarda zai bar fuskar ginin ta dutse, amma doguwar barandar katako mai kallon teku za ta tafi, a kafa benaye a gurbinta. Takardar izini tana hannunsu, ranar Laraba za a fara. Abu ɗaya ya rage da zai iya tsayar da katafilar nan, wato wata ma'aikaciyar hukumar adana wuraren tarihi da za ta zo yau da ƙarfe goma. In ta ce akwai abin da ya cancanci a adana a barandar, za a dakatar da rusau. In ta ce babu, to shi ke nan, sai labari.

Gidan kuwa wata baiwar Allah ce ta gina shi, Eliza Carlyon, fiye da shekara ɗari da talatin da suka wuce. Ƙanenta mahaƙin jan ƙarfe ne, asibiti ya sallame shi yana layi, ya koma rami don cikin iyalinsa, bai yi wata biyu ba ya mutu. Sai ta ce ba za a sake ba. Duk talakan da asibiti ya sallama bai gama warwarewa ba, ya zo nan ya kwanta mako uku ko shida, ya ci mai kyau, ya sha iskar teku, ba a karɓar ko sisinsa. Masu askin tumaki sun kwanta a nan, da 'yan dakon tashar jiragen ruwa, da matan da haihuwa ta jigata, da yaran da shan inna ta taɓa. Sista ta shigo tana 'yar shekara ashirin da ɗaya, ta yi talatin da ɗaya a ciki.

Ta zagaya ta lambu ta hau barandar, ƙamshin sabon fenti ya tarye ta. Ginshiƙai ashirin da biyu a jere, fari ƙal, kamar nas-nas sun yi layi suna jiran zagayen likita. Ranar Asabar ta tara tsofaffin ƙungiyar abokan gidan su takwas, suka wuni suna shafawa. Gwangwani biyu kacal suka samu, don haka ta sa aka tsinka shi da ruwa aka yi shafa ɗaya, yadda aka saba a gidan da miya ma sai an ƙara mata ruwa in baƙi sun ƙaru. Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ta ji daɗi. Sai da idonta ya kai na ƙarshe, can ƙuryar da ke kallon teku, ta yi saurin kawar da kai.

Bari in gaya muku abin da ke jikin ginshiƙan nan kafin Asabar. A gidan nan ba a sallamar mutum da takarda, da ƙafarsa ake sallamarsa. Kullum da hantsi nas za ta fito da majinyaci bakin ƙofar ɗaki, ta riƙe bayan rigarsa, ya taka. Inda ƙarfinsa ya ƙare, a ginshiƙi na uku ne ko na tara, sai ta zaro fensir ta rubuta sunansa da kwanan wata a jikin katakon. Gobe ya yi ƙoƙarin wuce sunansa na jiya. Ranar da ya kai na ashirin da biyu ya dafa shi da hannunsa, ranar zai ɗaure kayansa ya tafi gida. Ba wanda ya san nas ɗin da ta fara. Abin da kowa ya sani shi ne an hana, domin duk Matiron ɗin da aka yi a gidan, wato shugabar nas-nas, ta hana rubutu a jikin gini. Saboda haka sai an zura hannu a rubuta a bayan ginshiƙin, ɓangaren teku, inda ba a hangowa daga ƙofar ofis. Ranar da manya za su zo duba gida kuwa, sai ka ga an shanya barguna a kan dogarin barandar, katakon nan na dafawa, daga farko har ƙarshe, wai ana ba su iska.

Sau ɗaya aka kama Sista, tana sabuwar zuwa. Matiron Aldous ta sa ta kankare ginshiƙai uku da soda da buroshi a gaban majinyata, tana tsaye a kanta har hannun Sista ya yi jini. To hali zanen dutse ne. Da Sista ta karanta rahoton kamfani ta ga sun rubuta wai barandar ta lalace, 'yan iska sun cika ta da zane-zane, sai kunyar nan ta shekara hamsin ta taso mata sabuwa fil. Mai duba gida zai zo, kuma babu barguna. Ta buga wa Mista Brereton, wakilin kamfanin, ta nemi izinin fenti. Ya ce, “Ku shafa mana, Sista. Ko in aiko muku da tsani?” Ta yi mamakin kirkinsa, ba ta zurfafa tunani ba.

Goma saura kwata wata ƙaramar mota ta tsaya, wata matashiya ta fito da malafa da jakar goyo, Mista Brereton na biye da ita da tasa motar. Iskar arewa ta riga ta fara busowa da zafinta, irin wadda ke sa kowa ya riƙa duban tsaunuka ko akwai hayaƙin gobarar daji.

“Dakta Hoang,” in ji matashiyar, ta miƙa hannu. “Ke ce Sista Trezise? Na ji labarinki.”

“Dakta? Likitar me, 'yata?”

“Ta tsofaffin gine-gine, Sista. Majinyatana ba sa tari.”

Sista ta yi murmushi, amma kafaɗunta sun riga sun miƙe da kansu. Likita ta zo zagaye. Ta shige gaba tana buɗe ƙofofi, ga ɗakin maza, ga na mata, ga kicin, ga allon tagulla mai sunan Eliza Carlyon da ta goge shi jiya har yana ɗaukar ido. Dakta na bi tana ɗaukar hoto, tana ƙwanƙwasa bango, ba ta cewa komai. Shirun nan ya fi komai damun Sista.

“Ya kika gani?” ta tambaya da suka fito daga kicin.

“Gaskiya kike so? An canja rufi, an canja tagogi, an toshe murhu. Irin ginin nan muna da guda goma sha wani abu a jerinmu da suka fi shi cika. Ba don dutsen na zo ba. Ina barandar?”

Suka fito. Dakta ta yi taku biyu ta tsaya cak. Ta shaƙi iska, ta kai yatsa jikin ginshiƙi na farko, ta duba yatsan.

“Wa ya yi fentin nan?”

“Mu ne,” in ji Sista, da 'yar taƙamarta. “Shekaranjiya. Ba ma karɓar baƙo da datti a gidan nan.”

Dakta ba ta yaba ba. Ta sauka lambu da sauri, ta zagaya bayan ginshiƙin ta duba, ta wuce na biyu, na uku, na huɗu. Ta dawo fuskarta ta canja, ta buɗe jaka ta zaro wata takarda mai layi-layi da aka rubuta da biro.

“Sista, hukumarmu ta riga ta rufe fayil ɗin gidan nan tun bara. Wasiƙar nan ce ta sa aka sake buɗe shi. Wata Dulcie Pohlner ta rubuto daga gadon asibiti, ta ce akwai sunayen majinyata na kusan shekara ɗari a bayan ginshiƙan nan, kowane da kwanan watansa, inda ya kai da ƙafarsa. Ta ce nata na kan na ƙarshe. Ban taɓa jin irinsa a ko'ina ba. Shi na zo gani. Suna ina?”

Sista ta ji kamar an zare mata katakon da take tsaye a kai. Dulcie! Dulcie da ta zo gidan nan tana 'yar shekara goma sha shida shan inna ta shanye mata ƙafa, ta yi wata bakwai kafin ta kai na ashirin da biyu, ta tafi gida ta yi mako biyu ta dawo ta nemi aikin kicin, ta yi shekara talatin da takwas tana girki. Aminiyarta ta rabin ƙarni. Sista ta je duba ta sau biyu a asibiti, ba ta ce mata komai a kan fenti ba, ita ma ba ta ce komai a kan wasiƙa ba.

Mista Brereton ya gyara murya. “Mai bincikenmu dai bai ga komai ba sai zane-zanen yara. Tsofaffi kuma, kin san yadda tunani yake.” Ya dubi Sista. “Ko ba haka ba?”

Ga ƙofa a buɗe. In ta yi shiru, za a ce Dulcie ce ta ruɗe da maganin asibiti, ba wanda zai san abin da Sista Trezise ta aikata da hannunta. Ta buɗe baki ke nan sai ga ƙarar tasi a kan tsakuwa, ga kuma murya tun daga ƙofar lambu.

“Kai, direba, riƙe min jakar nan, ba gawa ka ɗauko ba! Merle! Ina kike, uwar soso? Sun ce in ƙara kwana uku, na ce su ƙara da uwarsu.”

Dulcie ce, kwana goma sha ɗaya da yi mata aiki, da sanda a hannu da rigar sanyi a wannan zafin. Direban ya taimaka mata ta hau matakala biyu, ta zauna a benci tana haki tana dariya. Sai dariyar ta tsaya. Ta dubi ginshiƙan, ta shaƙi iska, ta dubi Sista.

“Merle. Me kika yi?”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sista ta haɗe hannuwa a gaba kamar mai ba da rahoton safe.

“Sunayen suna nan, Dakta. Ba ruɗewa ta yi ba. Ɗaruruwa ne, wasu ni na rubuta su. Ni na sa aka shafe su ranar Asabar.”

“Har nawa?” in ji Dulcie a hankali.

“Naki ni na shafe shi da kaina. Ban bar kowa ya taɓa ba.”

“Kai, na gode! Karamci ke nan. Ashe har alfarma aka yi min.” Dulcie ta buga sandarta a ƙasa. “Matiron Aldous ta shekara arba'in a kabari, ke har yau kina ɓoye mata fensir! Garin gyaran gira kin tsone mana ido, Merle. Wata bakwai na yi ina jan ƙafar nan. Wata bakwai! Ke kuma minti nawa ya ɗauke ki?”

Sista ta san amsar, bai kai minti biyar ba, kuma sai da ta rufe ido.

Ta juya wajen Dakta. “Ba za a iya cire fentin ba? Na iya kankara, an koya min.”

“Kada ki kuskura!” Dakta ta ɗaga hannu. “In kika kankare, da rubutun za ki tafi. Cire fenti a bar fensir aikin gwanaye ne, na watanni, in ma zai yiwu. Ni kuma ba zan iya tsayar da aikin mutane a kan abin da ban gani da idona ba. Akwai hoto? Ko ɗaya?”

“Wa zai ɗauki hoton laifinsa?” in ji Dulcie.

Dakta ta duba agogo. “Sha biyu zan kama hanya. In har zan nemi a dakatar, yau takardar za ta shiga, don shugaba ya sa hannu gobe. Ku yi haƙuri. Yadda abin yake yanzu, ba ni da abin rubutawa.”

Sha ɗaya da minti goma ke nan. Mista Brereton ya koma gefe yana latsa waya, daga bakin ƙofa aka ji wani ya tayar da katafila yana gwada ta, ta yi gurnani ta mutu. Iska ta kwaso busassun ganye ta watsa a kan barandar da Sista ta share.

Dulcie ta dafa benci ta miƙe.

“Ina za ki?” in ji Sista.

“Wajen sunana. In jibi za su murƙushe shi, sai na yi masa sallama.”

“Ba ki isa ba. Kwana goma sha ɗaya da aiki, a zafin nan? Na tara ma ba za ki kai ba. Bari in kawo kujera mai taya.”

“A tura ni? A barandar nan? Ba a taɓa tura kowa zuwa na ashirin da biyu ba, ba kuwa da ni za a fara ba. Matsa min, sarkin fenti.”

Ta taka. Sista ta tsaya daƙiƙa ɗaya, sannan hannunta ya tafi da kansa ya damƙi bayan rigar sanyin, daidai ƙugu, inda ya saba.

“Sake ni.”

“Ba zan sake ba. Sanda tukuna, sai ƙafa marar lafiyar, sai mai lafiyar. Ɗago kai, ba kuɗi kika yar ba.”

Haka suka tafi, ƙwas, ja, taku. Dakta ta biyo su a baya da jakarta a kafaɗa, don ba ta ga yadda za ta yi ta wuce ta bar su ba. A na uku Dulcie ta tsaya ta numfasa, sai Sista ta ji bakinta na magana ba tare da ta yi niyya ba.

“Nan Clarrie Dunstan ya maƙale kwana tara. Mai askin tumaki, an cire masa huhu ɗaya. Sunansa tara ne a nan, a jere, kullum yana zagin ginshiƙin.”

“Zagi kuwa mai kyau,” in ji Dulcie. “A wajensa na koya.”

“Na biyar, Misis Katsaros, bayan tagwaye. Ba ta jin Turanci, da yatsu muke ƙirga mata. Na shida, 'yan'uwa biyu da tukunyar jirgi ta ƙona, suna tsere, kowa na satar taku in ɗayan ya juya.”

Dakta ta zaro littafi ta fara rubutu, amma ta ce a hankali, “Labari ne mai kyau, Sista. Sai dai labari kawai ba zai tsayar da ita ba.”

“Na sani, 'yata. Ba don ke nake faɗa ba.”

A na tara gumi ya jiƙa wuyan Dulcie. A na sha biyu leɓenta ya yi fari. Sista na jin rawar ƙafar ta cikin rigar, tana kuma lissafin abin da ta sani sarai, cewa in sabon ƙashin nan ya goce a faɗuwa ɗaya, wataƙila Dulcie ba za ta sake takawa ba har abada. Ta dai riga ta kashe baranda da fentinta. Saura ta ƙara da aminiyarta?

“Ya isa, Dulce. Sha huɗu ba abin kunya ba ne. Na roƙe ki.”

“In kin gaji ki zauna, tsohuwa.”

A na sha biyar sandar ta zame a kan ganye. Dulcie ta tafi gefe, Dakta ta yi ƙara, Sista ta cusa gwiwa ta tare ta da ƙirji, ta rungume ta tsam, su biyu suka jingina da ginshiƙi suna haki. Fentin da bai gama bushewa a lungu ba ya shafi kafaɗar Sista. Har Mista Brereton sai da ya sauke waya ya taho da sauri.

“Sista, don Allah a zaunar da ita. In ta faɗi a nan…”

“Kai, yaro, ba ka cikin layin nan,” in ji Dulcie da ƙyar. “Ƙarfe nawa?”

“Sha biyu saura kwata,” in ji Dakta.

“To a bar surutu.”

Suka kama bakwai ɗin da suka rage. Sai ƙarar sanda, da numfashi, da teku can ƙasa. Sista ta daina kiran sunaye, ta koma ƙirga taku a zuci kamar mai addu'a. Ginshiƙi na sha takwas. Na ashirin. Da suka kai na ƙarshe Dulcie ta saki sandar ta faɗi, ta rungumi ginshiƙin da hannu biyu, ta kifa goshi a kansa. Can sai ta zura hannun dama ta bayansa, sama kaɗan da dogari, wurin da yatsunta suka saba zuwa duk ranar da ta fito zubar da ruwan wanke-wanke shekara da shekaru. Ta shafa. Ta sake shafawa. Ta ɗago kai.

“Yana nan.”

“Dulce, zauna tukuna.”

“Na ce yana nan! Ga D ɗin, ga cikinsa. Ke likitar gini, kawo yatsanki.”

Dakta ta zura hannu, Dulcie ta kama yatsan ta ɗora. Dakta ta shafa, idonta a rufe. “Akwai kwarmi,” ta ce. “Fensir ba ya yin kwarmi haka. Da me kuke rubutun?”

“Da fensir mana,” in ji Sista. Sai ta tsaya. “Na sadaka. Ofishin masu zanen taswira ne suka ba gidan kwali goma tun kafin yaƙi, masu taurin tsiya, ba wanda ke so. Ba sa kamawa a katako mai gishirin teku sai kin danna da ƙarfinki duka. Har aka rufe gidan ba mu cinye su ba.”

“Fentin kuma shafa nawa kuka yi?”

“Ɗaya.” Sista ta sunkuyar da kai. “Kuma rabinsa ruwa ne.”

“Marowaciya!” in ji Dulcie. “Allah ya yi wa rowarki albarka.”

Dakta ta riga ta dira lambu. Ta jawo benci ta hau, ta kunna tocilar wayarta ta kwantar da ita a jikin katakon, hasken na bin gefe. Ba a ga komai ba, rana ta yi yawa. “Duhu nake so! Ku ba ni wani abu in rufa.” Sista ta ruga, ita da ba ta yi gudu ba shekara goma, ta fizge mayafin teburin da ta shimfiɗa don shayi, kofuna suka tarwatse. Ta dawo ta lulluɓe Dakta da ginshiƙin gaba ɗaya, ta riƙe bakin mayafin da hannu biyu iska na fizga. Ita da ta shekara talatin tana rufe sunayen nan da bargo kada a gani, yau ga ta tana rufawa don a gani.

Sista ta ƙara damƙe mayafin. Sai murya ta fito daga cikin mayafin, a hankali, ana haɗa baƙi.

“D. Pohlner. Sha huɗu ga Maris, sittin da biyu.” Hasken ya matsa sama. “Akwai wani a samansa. T. Varcoe, talatin da takwas. Wani kuma… Wayyo, Sista, sun hau kan juna har sama! Ɗaga min mayafin kaɗan. A'a, sauke. Riƙe haka, kada ki motsa.”

Ba ta motsa ba. Hannuwanta suka yi sanyi, kafaɗunta suka ƙage, ta riƙe. Daga na ashirin da biyu suka koma na sha biyar, suka koma na uku, inda Clarrie Dunstan ya fito sau tara a jere kamar yadda ta faɗa. A wasu wuraren fentin ya taru ya cike kwarmin, waɗannan sun tafi, kuma Sista ta san wasu daga cikinsu. Sha biyu ta wuce da minti arba'in Dakta ta fito daga mayafi, gashinta ya jiƙe sharkaf, ta nufi Mista Brereton.

“Zan tura takardar yanzu daga nan. Dakatarwa ce ta wucin gadi, kafin kwamiti ya zauna. Ban san abin da za su yanke ba. Amma ranar Laraba ba mai taɓa katakon nan.”

Mista Brereton ya dubi ginshiƙan ya daɗe, ya ce zai kira ofis, ya tafi wajen motarsa. Ko ya san abin da ke jikinsu ranar da ya yi tayin tsani, Sista ba ta tambaye shi ba, har yau kuma ba ta sani ba.

Ta ɗauko kujera ta zaunar da Dulcie a gindin na ƙarshe, ta duba bugun jininta, ta ba ta ruwa da kek ɗin da ya tsira. Sannan ta tsaya a gabanta.

“Dulce, ban da bakin ba ki haƙuri.”

“Ba ki da shi kam. Sai na yi wata bakwai ina gaya wa duk garin nan, kullum a layin burodi.” Ta gutsiri kek. “To me kike jira? Na kai na ashirin da biyu da ƙafata. Ko an canja doka?”

Sista ta laluba aljihun jakarta, can ƙasa, ta fito da wani guntun fensir kore da bai fi ɗan yatsa ba. Ta juya wajen ginshiƙin ta fara zura hannu.

“Sista!” Dakta ta ɗago daga wayarta. “In kika ƙara taɓa katakon nan, da fenti ne ko da fensir, wallahi ni da kaina zan kira 'yan sanda.”

“Kin ji sabuwar Matiron,” in ji Dulcie.

Sista ta janye hannu. Ta dubi fensirin, ta dubi aminiyarta. Sai ta sunkuya ta ɗauki sandar da ke yashe a ƙasa, ta ɗora ta a gwiwa, ta juya ɓangaren da ba a gani, ta danna da ƙarfinta duka ta rubuta suna da kwanan wata, da lamba ashirin da biyu. Dulcie ta karɓa ta shafa da babban yatsa.

“P ɗinki ya karkace,” ta ce. “Zuba min shayi, in akwai kofin da kika bari.”